Kafin Ka Aika a Ɗauko Guduma

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka kafa rumfa a Dareta, har motocin kasuwa sun fara tsayawa a wurinka. Allah ya sanya albarka, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. An kuma ce abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya shi ne ƙafar baya: a kawo maka mota boris yana kuka, ka kwance duk abin da ake kwancewa, hob ya ce shi fa ba inda za shi. Daga nan sai ka aika yaro ya ɗauko babbar guduma. A kan wannan aiken nake son mu yi magana, domin a daidai wurin ake rarrabe wanda ya koyi kanikanci da wanda ya koyi duka.

Fara da tambayar da yara ba su cika yi ba: me ya riƙe shi? Bol huɗu ne, ka kuwa kwance su, ba walda aka yi masa ba, amma ya zauna daram. Tsatsa ce. Mutane suna zaton ci kawai tsatsa take yi, alhali kumbura take yi. Idan ƙarfe ya koma tsatsa, wurin da yake nema ya fi wanda ya tare a da nesa ba kusa ba. Wuyan hob kuwa an ƙera shi ne ya shiga raminsa cif-cif, ko takarda ba ta ratsawa. To idan tsatsa ta taso a tsakaninsu, ina za ta dosa? Sai ta matse su, kamar yadda manomi ke jiƙa ƙotar fartanya ta kumbura ta kama ruwan fartanyar gam. Inda kuma mazaunin na alminiyam ne, hob ɗin na ƙarfe, abin ya fi muni. Da danshi ya shiga tsakaninsu sai alminiyam ya fara ciwuwa, ya bar wani farin gari wanda riƙonsa ya fi na jar tsatsa.

Ba a Zamfara aka fara wannan ɓarna ba. Motocin da ke zuwa hannunka sun ci ƙuruciyarsu a Jamus da Beljiyam da Kanada da arewacin Amurka, inda idan hunturu ya yi, ƙanƙara ta rufe titi, hukuma ke barbaɗa gishiri don ta narke. Mota ta shekara goma ko fiye tana shan ruwan gishiri ta ƙasa, sannan a ɗoro ta a jirgin ruwa a sauke a Kwatano ko Legas, a wanke ta tana walƙiya. Mai saye ya duba kujeru, ya kunna rediyo, ya saurari inji. Wa ke kwanciya ya leƙa ƙarƙashi? Daga nan sai mu mu ƙarasa. An loda buhunan gero da wake har but ya ƙi rufuwa, an ɗora mutane a kai, an taso daga Bagega ko Dareta a kan burji, ƙafar baya ta ɗauki zafi, sai ga ƙorama ta kawo ruwa. Direba ya faɗa ciki. Ƙarfe mai zafi yana taɓa ruwa iskar da ke cikin hob ta tsuke, ta zuƙo ruwa da laka ta gefen tsohon sil. Giris ya tsinke, ya koma ruwan ƙasa. Abin da damina ta bari, ƙurar rani ta gama da shi.

Sai kuma ka san irin ƙafar da ke gabanka, don ba duka ne halinsu ɗaya ba. Mu da muka koyi aiki a Gusau tun Zamfara tana cikin Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996, da Peugeot muka buɗe ido, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Wagon da a-kori-kura na 504 boris ɗinsu a jikin dogon shaf yake, sai an zaro shaf ɗin gaba ɗaya. Hilux ma haka take. Idan irin wannan ya cije, ka nemo tsohon durom ka kifa shi baibai a kan bol ɗin taya, ka sa noti uku sako-sako, ka riƙa fizgo shi yana bugun notunan. Bugun yana tafiya ne daidai tsakiyar shaf, ba ya karkata. Shi kuwa boris ɗin da ke jikin shaf, da zoben da ke tare shi, aikin injin matsa ne, ka kai inda ake da shi ko da Gusau ce. Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, boris biyu gare ta a cikin durom, suna juyawa a kan ɗan gajeren shaf, babban noti da fin suna tare su. Corolla kuma daga ta 2003 zuwa sama, boris da hob abu ɗaya ne a rufe, ba a buɗewa, ba a sa giris, bol huɗu ke riƙe shi a jikin aksul. Wannan na ƙarshen shi ne mai taurin kan, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Tun kafin ka taɓa sifana ka tabbata boris ɗin ne. Tayar da ta ci gefe ma tana kuka. Ɗaga motar, juya tayar da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan sifirin, za ka ji gurzar tana zuwa tafinka. Kama sama da ƙasa ka girgiza. Wannan ka riga ka sani. Abin da nake jin tsoro shi ne jak. Ƙasar rumfarka ba siminti ba ce, aikin da za ka yi kuwa na bugu ne da fizga. Jak ɗagawa ne aikinsa, ba riƙewa ba. Ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, ka jera gungumen itace mai ƙwari a ƙarƙashin motar, ka tura tayar da ka cire ciki, ka tare tayoyin gaba da duwatsu gaba da baya, ka sa giya. Bulon siminti kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Sannan ka sauke birkin hannu. Na sha ganin ƙato yana ta jibgar durom gumi na zuba, ashe direba ya ja birkin hannu ya tafi cin tuwo. Idan ka sauke shi durom bai fito ba, to shu ne ya ci masa rami ya bar leɓe, ka sassauta abin saita birkin ta ɗan ramin da aka bari, shu ya koma ciki.

Yanzu ga durom ya fito, ga baƙar ƙura a ciki. Yaronka zai sunkuya ya hure ta da baki, don haka ya ga ana yi. Ka hana shi, ko da za ka ɗaga murya. A ko'ina ma wannan ƙura ba ta shaƙa ba ce, don har yanzu akwai shu da ake haɗawa da asbestos mai lalata huhu. Amma kai a Dareta kake, kuma mutanen Dareta ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan ƙura. A 2010 ne yara suka riƙa shiɗewa suna mutuwa a garin nan, da Abare da Sunke da Tungar Daji, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, ana ta cewa zazzaɓi ne ko iska, har sai da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta aika da jini aka auna aka ga dalma ce. Dutsen zinariya da ake kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, shi ne ya baza gubar a tsakar gida da ɗakunan kwana. Sama da yara 400 suka tafi. Sai da aka kankare ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka kwashe, aka zubo sabuwa. Bagega ma sai a 2013 aka samu aka yi mata. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, amma kai ka fi ni sanin cewa buhunan dutse ba su taɓa daina hawa mota ba. Motar da ta je bakin rami ko wurin niƙa, lakar da ta bushe a ƙarƙashinta ba ka san me ta ƙunsa ba, ga shi kuma za ka buga ta, ta zubo a fuskarka. Saboda haka ka fara da ruwa. Yayyafa wa ƙafar duka ta jiƙe, ka goge da tsumma, ka haƙa rami nesa da inda yara ke wasa ka binne dattin. A wanke hannu da sabulu kafin a sa a kwano. Kayan aiki su kwana a rumfa, kada ka shiga da su inda matarka ke shayarwa. Ƙananan yaran da iyaye ke kawo maka koyon aiki sun fi ka saurin kamuwa, amana ce a hannunka. Tsohon batir ma dalma ce a cikinsa, kada a fasa shi ko a narka a wurinka.

To, mu koma ga hob. Cire wayar ABS tukuna, idan motar tana da ita, ka ɗaure ta can gefe. Wayar siririya ce, kuma ba a samunta a kowane shago. A wasu motocin bol huɗun ta baya ake kwance su, a wasu kuma ta ramin da ke fuskar hob ake zura sifana. Ka lura, a ƙafa mai durom waɗannan bol ɗin ne kuma ke riƙe farantin da shu ke zaune a kai. Suna fita farantin ya zama ba abin da ke riƙe da shi sai bututun man birki. Ka ɗaure shi da waya a jikin sifirin, in ba haka ba ranar da hob ya yarda ya fito zai taho da farantin, bututu ya lanƙwashe ko ya tsage, aikin boris ya koma aikin birki.

Sa buroshin waya ka kankare duk zagayen inda hob ya haɗu da mazauninsa, gaba da baya, har ka ga layin haɗin. Mai ba ya ratsa laka. Sannan ka zuba. Idan kana da na gwangwani irin WD-40, madalla. Idan babu, kananzir ko man dizal da aka haɗa da ɗan jan man giya yana yi. Man birki da muke yawan zubawa yana shiga, ba na musu, amma yana cin fenti, kuma yana jan danshi, don haka a wanke shi bayan an gama. Ko wanne ka zuba, kada ya taɓa shu. Ka ɗauki ƙaramar guduma, ƙarama na ce, ka riƙa ƙwanƙwasa kunnuwan hob kana zagayawa. Ba don ya fito kake yi ba, girgizar ce ke farfasa tsatsar ta buɗe wa mai hanya. Ka sake zubawa, ka tashi ka kama wani aiki. Idan da hali ya kwana yana sha. Abin da mai zai yi maka da dare kana barci, ƙarti uku ba za su yi maka shi da rana ba.

Ga sirrin da maigidana ya koya mini, wanda na ga kanikawa da yawa sun tsufa ba su san shi ba: tsatsa tana da ƙarfin hana ja, amma ba ta jure murɗa. Kowa ƙoƙarin fizgo hob waje yake yi, wato ta inda ya fi ƙarfi. Kai ka sa kurfi mai dakusasshen baki a gefen kunne ɗaya, ka buga shi a kaikaice kamar kana son hob ɗin ya juya a cikin raminsa. Bugu biyar ko shida, ka koma kunnen da ke fuskantarsa ka mayar da shi baya. Ka zuba ido a kan ramin bol. Da ka ga ramin hob da na aksul sun ɗan saɓa, ko da kaurin farce ne, to an gama yaƙi, saura kwasar ganima. Zuba mai, juya dama, juya hagu, za ka ga jan ruwa yana tsattsafowa. Ka kuma kasa kunne. Ƙarfen da ke manne yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya fara saki kuwa muryarsa tana dusashewa. Ka koya wa yaranka jin wannan bambanci, ya fi musu amfani a kan ƙwanji.

Idan motar mai bol ta baya ce, akwai wata hanyar. Nemo tsofaffin bol masu zare iri ɗaya, ka ɗaura su a hob ɗin su shiga sosai amma kawunansu su rage a waje, ka riƙa bugun kawunan bi da bi, wannan kusurwa sannan waccan. Hob zai riƙa turowa a miƙe. Kada ka yi da bol ɗin motar, za ka mayar da su. Idan kuma wannan bai yiwu ba, ka fitar da bol ɗin taya guda ɗaya daga fuskar hob, ka zura dogon bol mai ƙwari ta ramin, noti yana bayan fuskar, bakin bol ɗin yana tokare da wuri mai kauri. Ka sa guntun ƙarfe a tsakani, kuma kada ka kuskura ka tokare farantin birki, gwangwani ne. Riƙe bol, murɗa noti har ya ɗau nauyi, ƙwanƙwasa, ƙara rabin zagaye, sannan ka juya fuskar ka yi a ɗaya gefen. Wani lokaci fuskar ce za ta fito ta bar gidan boris a maƙale. Kada ranka ya ɓaci, yanzu ma ka fi samun wurin sa kurfi.

Me ya sa nake ta jan ka nesa da babbar guduma, alhali hob ɗin ma jefar da shi za a yi? Don ba shi kaɗai ke shan dukan ba. Bugun da ya sauka a gefe ɗaya yana karkatar da wuyan a cikin rami ya ƙara cijewa. Wanda ya kuskure kuma ya sami faranti, ko tukunyar birki, ko ya lanƙwasa fuskar aksul. Aksul ɗin da ya lanƙwashe ba a gani da ido, sai bayan wata biyu mai mota ya ga sabuwar tayarsa ta cinye gefe ɗaya, kuma ba zai manta rumfar da aka taɓa masa ƙafa ba. Bakanike a Kano idan ya fasa abu, yaro zai hau babur zuwa Ƙofar Ruwa ya dawo kafin shayi ya huce. Na Kaduna yana da Panteka. Kai fa? Sai an je Anka, idan babu a bi ta Mayanci zuwa Gusau, idan babu a yi waya Kano. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, ka san yadda kuɗin kayan gyara da na mota suka koma. Bugu ɗaya na ganganci yana iya cinye ladan aikinka na mako, mota kuma ta yi kwanaki a kan gungume tana tare maka wuri.

Wuta ita ce ta kusa da ƙarshe, kuma da ilimi ake sa ta. Abin da ake so ramin ya buɗe, don haka mazaunin ake gasawa, ba hob ba. Ramin ƙarfe mai faɗin santimita 10, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, buɗewar da zai yi kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na milimita. Alminiyam yana yin kusan ninkin haka. Kaɗan ne a ido, amma ya isa ya karya tsatsa. Ka ga ke nan ba sai ƙarfe ya yi ja ba. Idan ka ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ƙone, ya isa. Maƙeran garinku sun san launin ƙarfe a wuta: ya fara yin ruwan ƙasa-ƙasa, ya koma shuɗi wajen digiri 300, can gaba ya yi ja. Su da gangan suke bi ta nan su ba gatari taurin da suke so. Kai idan ka kai aksul can, ka canza masa halin da aka ƙera shi da shi, ga shi kuma zai ɗauki rayukan mutane a kan ramuka. Alminiyam kuwa ba ya ma canza launi, sai dai ka ga ya zube. Kafin mai walda ya kunna, ka tuna tankin mai a baya yake, dab da inda kake aiki. A goge kananzir ɗin da aka zuba, a rufe tiyo da robobi da jiƙaƙƙen tsumma, a kawar da galan ɗin fetur, a aje bokitin yashi kusa. Motar da ke warin fetur kuwa ba a kai mata wuta ko da mai ita zai yi rantsuwa.

Ita Golf matsalarta daban. Durom yakan fito, zoben cikin boris ya zauna a kan gajeren shaf, musamman idan an yi ta tafiya da shi yana kuka har giris ya ƙone. Idan akwai abin zarewa mai ƙafa, a sa. Idan babu, ka sa injin yanka ka tsaga zoben a karkace, kada ka kai ƙasa, ka bar ɗan siriri, sannan ka sa kurfi a tsagar ka buga sau ɗaya. Zai fashe ya saki. Amma ka rufe idonka da tabarau, yara su ja baya. Ƙarfen boris tauri gare shi, ba ya lanƙwasa, tsalle yake yi. Na san wani a tashar wani gari da ɗan ɓarɓashi ya shige wa ido, aka yi ta yawo da shi har Kaduna, idon bai dawo ba.

Na san abin da ke ranka. Za ka ce Baba yana zaune a Gusau yana cewa a bar hob ya kwana, bai ga idon direba ba. Na gani, ɗana. Na san direba zai tsaya a kanka, fasinja sun zazzauna a gindin itace da kajinsu, ya dubi rana ya ce, "Malam, rana hwa ta yi, buge shi shi hita mu tahi." Kuma ba rashin haƙuri ne kawai ba. Wanda ke bin hanyar Anka zuwa Bagega, ko ya nufi Gummi ta Daki Takwas, ya san akwai lokacin da ba a son mota ta kasance a daji, ya kuma san mutanen da aka tare ba su dawo ba sai da aka sayar da gona. Tsoronsa gaskiya ne, kada ka raina shi. Amma ka bi lissafin har ƙarshe. Idan ka buge shi da gaggawa, bututun birki ya tsage ba ka lura ba, ko ka ɗaura sabon hob a kan tsatsa ya zauna a karkace, a ina motar za ta tsaya? A dajin da yake gudu, a lokacin da yake gudu, da mata da yara a ciki. Mota a rumfarka cikin gari ta fi mota a kan ƙafa uku a tsakanin ƙauyuka.

Don haka maganin tun a farko yake. Kada ka buɗe ƙafar baya bayan azahar ga motar da ke da fasinja. Ka duba, ka gaya masa gaskiya. Idan kuka ne kawai, ba girgiza, ba zafi, ya rage kaya ya tafi a hankali, ya dawo maka da sassafe da kayan gyaran a hannu. Idan taya tana rawa ko hob ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, a nema wa fasinja wata motar, wannan ta kwana. Kuma ka faɗi kuɗinka kafin ka fara, ka ce idan ya fito da sauƙi kaza, idan ya cije kaza. Bakaniken da ya yi cinikin aikin awa ɗaya ya tarar da na yini, zuciyarsa ce ke ɗaukar guduma, ba hannunsa ba. Wani direban zai yi fushi ya ce ka cika tsirfa, ya tafi wurin wanda zai buga masa. Ka yi masa fatan sauka lafiya.

Idan Allah ya sa ya fito, kada murna ta sa ka gaggauta. Rabin aikin yana nan. Goge ramin da samfefa har ƙarfe ya yi haske, da fuskar da hob zai kwanta a kai. Gwada sabon, ya kamata ya shige da hannu ko da ɗan turi. Idan sai an buga, ba ka gama gogewa ba. Shafa giris kaɗan a wuyan, don wanda zai buɗe bayanka, wataƙila ma kai ne. Ɗaura bol huɗun da hannu tukuna, sannan ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Sabon hob ba a bugunsa ko sau ɗaya. Bugu yana sa ƙwallayen ciki su yi wa hanyarsu tabo, ka ga boris sabo fil ya fara kuka kafin wata ya ƙare, a ce jabu ne, alhali a rumfa aka kashe shi.

A Golf, ka canza zoben waje tare da boris, kada ka ce tsohon yana da kyau. Ka sa tsohon zoben a kan sabon ka tura shi da shi. Cusa giris cikin boris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a kan tsumma mai tsabta, ba a ƙasa ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Sabon sil. Wajen ɗaure babban noti nan ne ake yawan kashe boris: ka ɗaure kana juya durom ya zauna, sannan ka sassauta har wosha ta yarda ta motsa idan ka tura ta da bakin sukundireba da ƙarfin yatsa kawai. Wanda ya ɗaure tamau don kada taya ta fita, shi ne ya kira fitarta. Ka sa fin na gaskiya, ba ƙusar kafinta ba. Ka mayar da murfin ƙura, idan ya ɓata a nemo wani, leda da roba ba murfi ba ne. Bayan haka a taka birki a ji shi, a zagaya da motar bayan gari, ka dawo ka sa bayan hannu a kan wili biyu na baya. Ɗumi ɗaya ya kamata ka ji.

Saura wanda ba ya gyaruwa. Idan ka zare zoben ka ga gajeren shaf ya yi shuɗi, ko ya ci har sabon boris yana lilo a kansa, ya gama aiki. Za a ce ka sa kurfi ka yi masa ɗigo-ɗigo ya kama, ko mai walda ya ɗan cika shi a goge. Kada ka yarda. Shi ma bol huɗu ne ke riƙe shi, a sayo wani. Ka cire tsohon ka naɗe a tsumma tare da boris ɗin, ka kwafe lambar da ke jikin zoben a takarda, ka ba direban da ka amince da shi mai zuwa Gusau. Ka ce idan ya isa shago ya kira ka, mai shago ya karanta maka lambar da ke jikin ƙarfen, ba ta jikin kwali ba, a kuma jera sabon shaf da tsohon a ga ramukan sun yi daidai, sannan a biya kuɗi.